Wankakken Latas

Duk karatun da na yi a duniya, idan aka tattara shi, ba zai cika ƙoƙon shan fura ba. A firamare aji biyu na yi, malaminmu ya gaya wa mahaifina cewa kaina ya fi dacewa da ɗaukar kwando, mahaifina kuwa ya yi masa godiya, don dama abin da yake son ji ke nan. Da na girma na yi aure, kunya ta kama ni, na shiga karatun zaure wurin limamin ƙauyenmu bayan la'asar. Aka fara mana da babin ruwa. Wata biyu muna kansa, sai aikin lambu ya taso, na ce da malam zan dawo idan an gama cire tumatir. Har yau ana ta cire tumatir.

Amma babin nan na riƙe shi gam. Ruwa, in dai launinsa bai sauya ba, ɗanɗanonsa bai sauya ba, warinsa bai sauya ba, mai tsarki ne, a yi alwala da shi, a yi wanka. Har ƙarin da malam ya yi na riƙe, cewa idan ƙasar da ruwan yake kwance a kanta ce ta sauya shi, ko gansakuka, wannan ba komai. Da wannan guntun ilimi na yi shekaru ina kayar da mutane a gardama. Ko maganar kuɗin taki ake yi, sai na san yadda na jawo ta zuwa ruwa, don a can ne kawai nake da ta cewa.

Lambuna yana cikin fadama, a wani ƙauye na yankin Gubuchi. Maƙwabtana duk rake da tumatir suke yi, ni kuwa na zaɓi ganye, alayyahu da kabeji da latas, musamman latas, saboda ba ya daɗewa a ƙasa kuma mutanen gari sun koyi cin sa ɗanye kamar awaki. Abu ɗaya ne da shi, ragon ganye ne. Ka cire shi da asuba yana tsaye kamar ango, kafin rana ta ɗaga ya langwaɓe. Maganinsa ruwa. To tsakanin lambuna da bakin titi akwai wani kududdufi da aka haƙa tun zamanin iyayenmu ana ɗibar ƙasar gini. Nan nake tsayawa kowace ranar kasuwa, in tsoma kwandunan latas ɗaya bayan ɗaya, in girgiza, ƙasa da ɓurɓushin takin kaji su fita, in cika jarka da ruwan, in ɗaure komai a bayan babur in nufi Makarfi. A kasuwa ina da gwangwanin madara da na huhhuda da ƙusa, da shi nake yi wa ganyen yayyafi duk lokacin da na ga ya fara jin barci.

Shanu suna shan ruwa a kududdufin nan, suna kuma yin abin da shanu suke yi idan sun tsaya cikin ruwa. Daga sama an yi sababbin gidaje, kwatarsu ta sami hanya tana gangarowa. Na san duk wannan. Amma kullum sai in ɗebo a tafin hannu, in duba, in sunsuna, in ɗan taɓa da harshe, in ce mai tsarki ne. Da na isa kasuwa kuwa kirana ɗaya ne, kowa ya san ni da shi: “Wankakke! Ga wankakken latas, sai ci!”

Babbar mai sayen latas ɗina 'yar kawuna ce, wato taubashiyata. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu lafiya ba, ni in ce baiwata ce, ita ta ce ni ne bawan gidansu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata, ba ta zauna jiran kowa ba, ta kafa rumfa a gefen tashar motar Makarfi tana sayar da garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, a yanka latas da tumatir a kai. Direbobi da 'yan kamasho da masu dako duk wurinta suke ci. Abin da aka san ta da shi tsabta ce. Tukwanenta sai ka ga fuskarka a ciki. Kuda idan ya shigo rumfarta yakan yi nadama. Har buta take ajiyewa da sabulu, ba mai sa hannu a kwano sai ya wanke, ko da kuwa shugaban tasha ne.

Da farko takan sake wanke latas ɗin sau biyu sau uku. Ni ne na hana ta. Na ce, “'Yar kawu, wahalar me kike ba kanki? Ruwan nan saye kike yi a wurin 'yan garuwa. Na wanke shi tas, da hannuna.”

Ta ce, “Hannun naka ne ai abin tsoro, ɗan gwaggo.”

“Ni da na karanci babin ruwa?”

“Kai da aka kora daga aji biyu.”

Amma a hankali ta yarda. Ta koma ɗauraya ɗaya a cikin roba, ta yarfe, ta yanka. Shekaru muka yi a haka. In wani ya taɓa jin cikinsa ya juya, sai ya ɗora wa mangwaro ko zafin rana.

Sai wata bazara da ruwa ya ja da wuri. Kududdufin ya tsuke ya koma kamar faɗin masussuka, shanun da suke sha kuwa ba su ragu ba, kwatar gidajen ma ba ta daina gangarowa ba. Launin ruwan ya ɗan yi kore, na ce gansakuka ce, malam ya ce ba komai. A wannan shekarar kuma na sami takin kaji daga wani gidan gona, ɗanye sharaf, ban bar shi ya ruɓe ba na watsa shi a kan ganyen da ya kusa isa cira, don ina gaggawar ya yi faɗi.

Aka fara da direba ɗaya. Ya ɗauko fasinja zuwa Ikara, ya tsaya sau huɗu a hanya yana shiga daji, har fasinjojin suka ce ko dai ya bar motar wani ya ja. Sai masu dako biyu, sai wani ɗan kamasho da aka kai asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Mutanen tasha suka zauna suka haɗa lissafin abin da kowa ya ci, aka ga duk hanya ta bi ta rumfar 'yar kawuna.

A nan ne na yi abin da har gobe idan na tuna nake jin kamar in shige cikin buhu. Na zo ranar kasuwa, na sauke mata kwando, na ji ana ƙus-ƙus ɗin maganar. Bakina bai taɓa ganin dama ya bar ta ba. Na ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji, na ce, “Baiwata, ashe sabon abinci kika fito da shi? Me sunansa, ci-ka-ruga?”

Tasha ta kwashe da dariya. Ita ma ta yi ƙarfin hali ta ce, “Kai dai da ba ka biya ba sai ka ci ka ruga ɗin.” Ni a wurina wasan taubasai ne, an yi an wuce. Ban san sunan zai zauna ba. Kafin kasuwa ta zagayo, yaran mota suna wucewa ta gaban rumfarta suna cewa, “Hajiya, a zuba mana ci-ka-ruga na mutum biyu!” Bencinta ya koma wurin hutun awaki. Duba-gari ya zo, ya leƙa tukwane, ya buɗe randa, ya duba bayan rumfa, bai ga abin kamawa ba, amma ya ce idan aka sake kawo ƙara zai rufe wurin.

Rashin ciniki ta iya jure shi, ta saba. Abin da ya karya ta kalma ɗaya ce. Wata mata mai sayar da ƙosai a can gefe ta ce a gaban mutane, “Dama masu yawan goge-gogen nan su ne ƙazamai a ɓoye.” Mace ta yi shekara da shekaru tana kankare tukunya har farcenta ya cinye, rana ɗaya a kira ta ƙazama. Kasuwar da ta biyo na je da kwandona na tarar da tukwane a kife, murhu ba toka. Maƙwabcinta mai shayi ya ce ta ce ta ɗan huta.

Na rasa yadda zan yi da latas kwando guda. Na sayar da abin da na iya, na yi wa sauran yayyafi da ruwan jarkata, na koma da shi gida. Na ce da mai ɗakina ta yi mana kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ta ce ita tun da aka haife ta ba ta cin ganyen da bai ga wuta ba, ita ba zomo ba ce, amma ta daka min ƙulin. Na yanka da kaina, ban ko ɗauraye ba tunda wankakke ne, na cika kwano na zauna a zaure na share shi ni kaɗai, ina ta tsokanar ta cewa ba ta san daɗi ba.

Kwana biyu bayan haka na hau babur zan je Kudan ta'aziyya, na sa babbar rigata ta shadda. Ban yi nisa ba na ji cikina ya yi wata ƙara kamar an tada injin ban ruwa. Allah ya saka wa manoman rake da alheri, don ban san inda zan sa kaina ba ran nan in da tumatir aka shuka a bakin hanyar. Gona uku na ziyarta. A ta ukun mai gonar yana ciki, ya yi min sallama ta bayan kara, na amsa masa a tsugune. Ta'aziyyar da ban je ba ke nan, saura kaɗan ma a zo tawa. Da azahar ƙafafuna sun daina ɗaukata, amai ya haɗu da gudawa, maƙwabta suka sa ni a mota zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da mu.

Ma'aikaciyar da ta sa min ƙarin ruwa ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Da na ɗan dawo hayyacina ta ja kujera ta zauna, ta ce, “Baba, me ka ci kwanan nan wanda sauran mutanen gida ba su ci ba?”

Na ce latas ne, na lambuna, kuma wankakke.

“Da wane ruwa?”

Na faɗa mata. Ta ajiye biro. Ta tambaye ni shanu, na ce suna sha. Ta tambaye ni kwata, na ce tana ɗan gangarowa. Ta tambaye ni taki, na faɗi gaskiya. Ta ce, “Baba, akwai ƙwayoyin cuta a cikin kashin dabba da na mutum da na kaji, ido ba ya ganinsu. Suna shiga ruwa, kai kuma ka tsoma ganye a ciki, su maƙale a lungu-lungun ganyen. Alayyahu wuta tana kashe su. Latas kuwa daga kwando sai ciki. Kuma duk yayyafin da ka yi a kasuwa ƙara masa kake yi.”

Ko a kwance da allura a hannu ban bar halina ba. Na ce, “'Yata, ke boko kika yi, wannan fannina ne. Ruwan nan launinsa na gansakuka ne, ɗanɗanonsa na ƙasa, warinsa na laka. Mai tsarki ne.”

Ta dube ni, ta ce, “To Baba, alwala za a yi da latas ɗin ko ci za a yi?”

Wani tsoho da ke gadon kusa da ni ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na juya fuskata bango. Ba dariyar ce ta dame ni ba. Kwanon da na ci hannun 'yar kawuna bai taɓa shi ba.

Da aka sallame ni, wurin liman na fara zuwa, wanda ya gaji malaminmu na zaure, tare da shi muka fara karatun a lokacin, ina fatan ko zai ba ni mafita. Na karanto masa babin ruwa daga kai har ƙarshe, ya saurara yana gyaɗa kai. Ya ce, “Ba ka manta komai ba, sai dai wancan hukuncin ibada ne. Ruwa yana iya halatta a yi alwala da shi, a sha shi kuma ya kwantar da mutum. Hana cutar da mutane yana can gaba, a babukan da ba ka zo ba. Ni ma ina shakkar tsarkin ruwan da kwata take zuba a ciki har ya yi kore, amma bar wannan.” Sannan ya ce, “An gama cire tumatir ɗin?”

Na dawo gida na yi ta saƙa da warwara. Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe. In daina tsayawa a kududdufi, in koma rijiyar burtsatse, in ja bakina in yi shiru. Cutar za ta ɗauke, ba wanda zai san daga ina ta fito. In na buɗe baki kuwa, wa zai ƙara sayen ko da ganye ɗaya a hannuna? Na gaya wa mai ɗakina wannan dabara. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, “Dabara ce mai kyau. Ita kuma a bar ta da sunan da ka raɗa mata.”

Washegari da hantsi 'yar kawun tawa ta zo duba ni. Ta rame. Ta shigo da kwanon sha a rufe, amma ba ta miƙo min ba, ta ajiye shi can bakin ƙofa. Na jira ta fara, ta ce bawan gidansu ya kusa mutuwa bai biya fansa ba, ko wani abu irin wannan. Sai kawai ta gaishe ni da jiki kamar baƙuwa. Ta ce, “Kunun tsamiya ne na dama maka. In kana ƙyamar hannuna ka bar shi, ba zan ji haushi ba. A ba kaji.”

Tun muna yara ban taɓa jin ta yi min magana ba tare da zagi a ciki ba. Na ce ta miƙo. Na shanye shi tas a gabanta, har na sa yatsa na suɗe. Amma ban iya faɗa mata ba. Ta tafi, ni kuwa na zauna da kwanon a hannu kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

Ranar kasuwa na tafi Makarfi ba kwando. Na bi ta gidanta na ce ta zo tasha, duba-gari yana nemanta. Ƙarya ce, amma na san in ba haka ba ba za ta fito ba. Na kuma bi ta ofis na ce da duba-garin ita take nemansa. Da suka haɗu a gaban rumfa suna kallon juna, na jawo bencinta na hau. Ƙafafuna ba su gama dawowa ba, mai shayi ya riƙe min gefen riga.

Na buɗe murya irin ta kiran ciniki, na ce, “Jama'ar tasha! Ci-ka-ruga ba a tukunyar baiwar Allah nan aka dafa shi ba. A lambuna aka shuka shi, a kududdufin shanu na yi masa wanka, na kawo muku ina ihun wankakke. Ni na hana ta sake wankewa. Ni ma na ci nawa a gida, hannunta bai taɓa ba, ku tambayi masu rake na hanyar Kudan, sun san ni yanzu.”

Sai direban nan na Ikara ya ce, “Wato Baba kai ne ka sa na yi tasha huɗu a daji?”

Na ce, “Ni uku na yi, ka fi ni ɗaya.”

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Ɗan kamashon da aka yi wa ƙarin ruwa ya zazzage ni tas, ya ce da ƙaramin yaro ne ya ci da yanzu wani zance ake yi. Gaskiya kuwa ya faɗa. Duba-gari ya ce zai zo ya ga lambun da idonsa, ya kuwa zo, ya hana ni cire sauran latas ɗin da na watsa wa ɗanyen taki, na nome shi cikin ƙasa yana kallo.

Ita kuwa tana tsaye, ta rufe baki da gefen mayafi. Da na sauko daga benci ta matso. Na ɗauka kuka za ta yi, na shirya ba da haƙuri. Ta ce, “Tsohon banza. Jakin gidanmu. Ka hau min benci da takalmi.”

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ran nan ba.

Ba a rana ɗaya mutane suka dawo mata ba. Ta yi makonni tana dafa rabin tukunya, ba latas a kai sai albasa. Mai ƙosai ba ta taɓa janye maganarta ba. Amma direbobi suka fara zama ɗaya-ɗaya, sunan kuma ya tashi daga rumfarta ya dawo kaina. Har yau in na shiga tasha sai na ji, “Baba ci-ka-ruga, an iso?” Ina amsawa. Ni na raɗa shi, daidai ne ya kwana a gidana.

Waccan bazarar ban ƙara sayar da ganye ko ɗaya ba. Da rani ya zagayo na haƙa 'yar rijiya a cikin lambun nesa da hanyar shanu, takin kaji kuwa sai ya yi watanni a tare ya ruɓe kafin ya ga ƙasa, kuma tun kafin dashe nake zuba shi. Jarkar yayyafi a rijiyar burtsatse nake cika ta. Da latas na farko ya isa, na wanke shi da ruwan burtsatse har sau uku, na kai mata ina taƙama.

Ta ɗaga ganye ɗaya ta duba, ta mayar. Ta ce, “Ɗan gwaggo, daga yau kada ka ƙara wanke min komai. Kawo shi da ƙasarsa in ga abin da nake wankewa.” Tana da robobi uku a jere yanzu, ta tsinke ganyen ɗaya-ɗaya, ta wanke, ta jiƙa a ruwan gishiri, ta sake ɗaurayewa, a gaban kowa, da gangan.

Shi ya sa idan ka zo kasuwar Makarfi ka ji wani tsoho yana kira, “Latas! Ba wankakke ba ne, a wanke a gida!” kada ka ɗauka ya taɓu. Masu saye sukan tsaya su tambaye ni dalili, ni kuwa dama abin da nake jira ke nan, don yanzu ina da babi biyu.